Gwarzon Littafi da Mutumin Kirkin Unguwa: Wa Ya Fi Amfanar Ɗalibi Mai Ƙirar Tauraro?

A ɗauka malami ya shiga aji a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko a Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011, ko ma a wata sakandare a Kurfi, ya ɗora wa ɗalibansa jinga: kowa ya ƙirƙiro tauraro mai halin kirki, ya raɗa masa suna, ya fitar da kamanninsa da suturarsa da asalinsa, ta yadda za a iya sa shi a gajeren labari, ko wasan kwaikwayo, ko littafin zane, ko fim ɗin katun. Sharaɗin guda ne: kada a yi shaci-faɗi. Sai an binciki mutanen da aka shaida da nagarta, an nuna inda kowace siffa ta fito.

Nan take aji zai rabu biyu. Mafi yawa za su nufi laburare, ko su zaro waya su rubuta sunan Nana Asma'u ko Sarauniya Amina ko Malam Aminu Kano. 'Yan kaɗan ne za su tuna da wani a unguwarsu: ungozomar da ta yanke cibiyar rabin yaran layin, ko dattijon da ake kai wa ajiya ba tare da an kira shaida ba. Na farkon shi ne gwarzon littafi, na biyun mutumin kirkin unguwa. Kowannensu yana da abin da yake bayarwa da abin da yake ɓoyewa, kuma ɗalibin da bai auna su ba zai miƙa wa malaminsa kyakkyawan zane wanda babu rai a cikinsa.

Abin da mai ƙira ke nema

A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, a kan yadda Bahaushe ke gane mutumin kirki. Ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba Bahaushen da zai musa ko ɗaya. Sai dai mai zane yana da tasa damuwar, domin a cikin goman nan babu mai launi, babu mai tsawo. Amana ba ta zanuwa. Abin da ke zanuwa shi ne mutumin da aka ba ajiyar buhun gero, marka ta kankama, rumbunsa ya ƙare, yara na kuka, ga buhun mutane a jingine a ɗaki, ya bar shi a ɗaure har mai shi ya dawo.

Saboda haka mai ƙirar tauraro yana neman abubuwa huɗu. Akwai jiki, wanda za a gane ko daga inuwarsa. Akwai baki, wato irin maganarsa da yadda yake furta ta. Akwai jarrabawa, ranar da halin kirki ya yi masa tsada. Sannan akwai rauni, domin mai karatu ya yarda ɗan Adam ne yake gabansa. Da waɗannan huɗu za mu gwada hanyoyin biyu.

Abin da littafi ke bayarwa

Ribar farko ta gwarzon littafi ita ce girman aiki. Ɗauki Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da yunwa da ƙaura. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda dattijuwar mace da ake kira jaji ke jagorantar matan ƙauye su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar. Masu nazarin rayuwarta irin su Jean Boyd sun nuna cewa takan naɗa jaji ne da malfa da jan rawani, malfar da a da aka san Innar Gobir da ita. Ga mai zane wannan ba ƙaramar tsintuwa ba ce. Mace sanye da malfa, ja a naɗe a kanta, tana gaban ayarin mata a kan turbar ƙauye: ko an shafe fuskar baki ɗaya, mai kallo zai gane ta daga nesa. Irin wannan alama sai an karanta ake samunta, domin a yau ba kasafai ido ke cin karo da ita ba.

Ɗan Katsina ma ba sai ya je Sakkwato ba. A ƙarni na 17 birnin ya yi Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, malaman da har gobe sunayensu ke bakin jama'a. A ƙarni na 20 ga Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya sauke farali a 1921 a lokacin da sarki mai ci bai saba barin ƙasarsa ya yi irin wannan tafiya ba, kuma a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina da ta yaye manyan Arewa. Ga Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, Ministan Ilimi na Jihar Arewa, wanda kwalejin Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa. Ga Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya tsaya ranar rantsar da shi a 2007 ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma bayyana kadarorinsa a fili. Wannan jarrabawa ce a rubuce, da ranarta da shaidunta: mutum ya hau kujera mafi girma a ƙasa, maganar da ta fi masa sauƙi ita ce ya ce komai ya tafi daidai, ya zaɓi wadda ba ta yi masa daɗi ba.

Riba ta biyu ita ce ana iya bin diddigi. Abin da wani ya rubuta, wani na iya ƙaryatawa da takarda. Akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ɗalibin da ya ce tauraronsa ya gaji hali kaza daga wane, zai iya nuna shafi. Sannan gwarzon littafi ya gama rayuwarsa, an rufe littafin aikinsa, ba a fargabar gobe ya yi abin da zai ba mai yabonsa kunya.

Abin da littafi ke ɓoyewa

Matsalar farko, yawancinsu ba su da fuska. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ita kuwa fasahar ɗaukar hoto ba a bayyana ta ga duniya ba sai 1839, saboda haka duk hoton da ke yawo a waya da sunansa na wani ne ko ƙagen wani. Sarauniya Amina ta Zazzau ma haka: masana ba su ma daidaita kan ƙarnin da ta rayu ba, wasu na cewa na 15 wasu na 16, kuma siffar da muka saba gani, mace a kan doki da takobi a zare, tunanin masu zanen ƙarni na 20 ne. Littafin zane na Malika da Roye Okupe ya fitar, wanda ya ɗauki haske daga labarinta, da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021, kowanne ya ɗinka mata tufafin da ya ga dama. Ɗalibin da ya kwafi waɗannan ya ce ya yi bincike, zanen wani ya bincika. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara dagula ruwan, don sau da yawa idan ka nemi hoton malamin Katsina na da, sai su miƙo maka Balarabe ko Ba'indiye da rawanin da ba na nan ba.

Ta biyu, yabo ya lulluɓe su. Labarin manya yakan iso gare mu ta bakin maroƙa da makaɗan fada da zuriya, kuma aikin kirari shi ne ya goge tabo. Na waliyyai kuwa ya cika da karama. Karama tana da matsayinta a zuciyar mai imani, amma ba abin koyi ba ce, tunda ba a koyonta. Tauraron da aka gina da kirari zalla ba ya kuskure, ba ya tsoro, ba ya shakka, mai karatu ya san ƙarshen labarin tun daga shafin farko. Abin da ya fi wannan muni, yaron da aka zana dominsa zai ce ai su waliyyai ne, ni ina ni ina su, ya rufe littafi bai ɗauki komai ba.

Ta uku, gwarzon wani maharin wani ne. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. Ɗan Baskore da ake tunawa da jarunta a Maraɗi, a garuruwan da dawakinsa suka taka ba da wannan ido ake kallonsa ba. Shi kansa Sarki Dikko, Turawa ne suka naɗa shi bayan sun tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa. Wani zai ba ka labarinsa a matsayin mai hangen nesa da ya rungumi ilimin zamani, wani kuma a matsayin wanda ya yi tafiya da masu mulkin mallaka. Marigayi Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981, ya yi ta jan hankalin ɗalibai cewa kowace majiya a tambaye ta: wa ya faɗa, ga wa, don me? Mai ƙirar tauraro ma wannan tambaya ta hau kansa.

Akwai kuma iyaka ta addini da ta mutunci. Musulmin ƙasar nan ba zai yarda a zana Annabawa ko sahabbai ba, malamai kuma sun yi saɓani mai tsawo a kan zanen abu mai rai. Sarakuna da malaman da suka shuɗe suna da jikoki a raye, wasunsu a kan karaga. Ɗalibi mai hankali zai ari hali ya bar fuska da suna. Daga ƙarshe, littafi yana da waɗanda ya fi so: sarakuna, malamai, mayaƙa, 'yan siyasa. Manomi da mai dakau da ɗan garuwa da wuya su shiga shafinsa, alhali su ne mafi yawan mutanen kirkin da aka taɓa yi.

Abin da unguwa ke bayarwa

A nan jiki ne a gabanka. Masuncin madatsar ruwa ta Zobe yana da tafin hannun da igiyar koma ta yi wa kanta, da idon da ya saba ƙanƙancewa saboda ƙyallin rana a kan ruwa. Malamin allo yana da tawada a gefen yatsa, da gwiwar da zaman buzu ya sauya wa tafiya. Ungozoma tana da ƙullin magani a haɓar zani da tocila a hannu, da saurin ƙafar wadda ta saba a tashe ta tsakar dare. Dillalin dabbobi yana da yadda yake buɗe bakin akuya da yatsa biyu yana magana da mai saye bai ko kalle ta ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai zane kuwa har hannu da ƙafa da kafaɗa yake tambaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke laburare.

Baki ma haka. Dattijon Kurfi ba ya magana da Hausar jarida. Zai ce lahiya, ya ce tahi, ya ce mi ya hwaru, ya yi shiru a inda ɗan boko zai cika da surutu, ya amsa tambaya da karin magana. Tauraron da aka sa masa wannan harshe, mai karatu a Dutsin-Ma zai ji kamar ya san gidansu.

Jarrabawa kuwa ba sai an tono ta daga ƙarnin da ya wuce ba. Shekarun nan na hare-haren 'yan bindiga sun taɓa Batsari da Safana da Ɗanmusa, sun taɓa ƙauyukan Kurfi da na Dutsin-Ma, mutane da yawa sun baro gonakinsu sun shigo gari. Wani ya buɗe zaurensa ga iyalin da bai haɗa jini da su ba. Wata ta ƙara ruwan tuwo alhali kwanon masara ya yi tsada. Wani malamin firamare ya ci gaba da hawa babur zuwa makarantar ƙauye bayan abokan aikinsa sun nemi canji. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma a yankin nan ta ƙare a gidaje da dama, an ga wanda ya ci gaba da karamci. Wannan kirki ne mai farashi, kuma ana iya tambayar wanda ya biya.

Duniya ta riga ta ga amfanin irin wannan bincike. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin Baba ta Karo ya fito a 1954. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba ta jagoranci yaƙi ba, ba ta ma haihu ba, 'ya'yan 'yan'uwa ta riƙa. Amma ta bakinta aka ji yadda matan karkara suka ga zamanin harin bayi da zuwan Turawa, da yadda ake ƙawance da aure da riƙo. Har yau jami'o'in duniya na karanta ta.

Sai dai tambaya tana da ladabinta. Ɗalibin da ya tsuguna gaban dattijo ya ce, “Baba, an ce kai mutumin kirki ne, ba ni labari,” amsar da zai samu ita ce, “Subhanallahi, ɗana, wane ni? Allah dai ya rufa mana asiri.” Shi ke nan an rufe ƙofa. Mai wayo yakan fara bi ta hannun mai unguwa, ya yi sallama, ya gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya tambayi aiki maimakon hali. “Inna, wace haihuwa ce ta fi ba ki wuya?” “Allah gafarta Malam, idan almajiri ya gudu ya dawo, yaya ake yi da shi?” “Baba, an taɓa kawo maka dabbar da ka ƙi sayarwa?” A cikin amsar halin zai fito da kansa. Ɗaliba mace tana da rinjaye a nan, don tana shiga gidan da aka rubuta wa namiji ba shiga, inda rabin labarin gari yake.

Abin da unguwa ke ɓoyewa

Unguwa tana rufa wa nata asiri. Ba wanda zai zauna ya faɗa wa baƙon yaro aibin maƙwabcinsa mai rai, in kuwa ya faɗa, sai a bincika ko akwai tsohuwar gaba ta gona ko ta aure. Babu takardar da za a gwada maganarsa da ita. Kuma mai rai bai gama rubuta nasa littafin ba; wanda aka yaba bana yana iya ba da mamaki baɗi.

Akwai haƙƙi. Kurfi ba Legas ba ce. Idan ka zana dillali mai ɗingishi da jar dara, kowa ya san wanda kake nufi, raunin da ka ɗora wa tauraronka kuma ya zama gulma a kansa. A halin da ake ciki ma abin ya wuce gulma. Bayyana wani a matsayin mai yawan kyauta, da hoton ƙofar gidansa, yana iya jawo masa idon da ba ya so. Dole a nemi izini, a sauya suna da gari da kamanni, a haɗa siffofin mutum biyu ko uku, kada kuma a ɗora muryar kowa a intanet ba da saninsa ba.

Babban raunin wannan hanya shi ne ƙuncin ma'auninta. Unguwa ta fi yabon mai haƙuri da mai kunya da mai biyayya, wani lokaci har takan kira shirun wanda ake zalunta halin kirki. Da ma'aunin zaure kaɗai za a bi, Malam Aminu Kano da 'yan NEPU da suka fito a 1950 suna ƙalubalantar zaluncin masu mulki da sun faɗi jarrabawar ladabi, don haka fada ta ɗauke su a lokacin. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da dama saboda ta hau mumbarin siyasa tana neman wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, da an ce ba ta da kunya. Tarihi ne ya dawo ya ce adalci suke nema, adalci kuwa yana cikin siffofi goman nan. Ɗalibin da bai leƙa littafi ba zai iya ƙera tauraron da bai iya komai ba sai haɗiye baƙin ciki.

A kan sikeli

Ta fuskar jiki, unguwa ta yi rinjaye nesa ba kusa ba, in ban da 'yan alamomi irin malfar jaji da sai a littafi. Ta fuskar baki ma ita ce, ko da yake rubuce-rubucen magabata suna nuna yadda suke tunani, abin da hira ta yini ɗaya ba ta kaiwa gare shi. A jarrabawa an yi kunnen doki: ta littafi ta fi girma, ta unguwa ta fi kusa da abin da mai karatu zai fuskanta da kansa. A rauni kuwa duka biyun suna ɓoyewa, amma maganinsu ya bambanta. Raunin gwarzon littafi ana samunsa a rubutun abokan hamayyarsa. Na mutumin unguwa sai an daɗe ana zama da shi ido ya gani.

Marubutanmu na farko sun san wannan awo tun gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauki babban tarihi, zamanin cinikin bayi ta Sahara, amma bai sa sarki ko sadauki a tsakiyarsa ba. Tauraronsa, Shaihu Umar, malami ne mai haƙuri irin wanda ake gani a kowane zaure, kuma wadda ta fi taɓa zuciya a littafin ita ce mahaifiyarsa, mace talaka da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada. Wannan ya sa labarin ya iya tsayawa a fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, ya ba tauraronsa kyakkyawar niyya ta fita neman magani, amma ya bar masa wayo da tsokana da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe, kuma saboda waɗannan ne jikokin masu karatun farko ke tunawa da shi. Wansa Bello Kagara ya dasa ƙafar Ganɗoki a yaƙin Kwantagora da Turawa kafin ya sake shi ya shiga duniyar aljanu. A fagen zane ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958 sun koyi dabarun Turai a aji, amma Uche Okeke gida ya koma ya nazarci zanen uli na Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Babu ɗayansu da ya tsaya a hanya guda.

Hukunci

Tunda haka ne, tambayar da ta rage ita ce wacce za a fara bi, kuma a ganina zaure ne farko, laburare daga baya. Dalili shi ne wanda ya fara da littafi yakan shigo unguwa yana neman mai kama da abin da ya karanta, ya duba bai ga Nana Asma'u ba, ya ce ba kowa. Wanda ya fara da unguwa kuwa yakan isa laburare da tambayoyi a hannu: wannan haƙurin da na gani, wa ya taɓa yin irinsa a babban fage, me ya biyo baya, a ina ya kamata ya ƙare a fara magana?

A ce ɗaliba ta bi wannan tsari. Ta samo jiki da tafiya da tocila daga wata ungozoma, ta samo harshe daga kakarta. Ta sa tauraruwarta malamar makarantar matan aure a wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, wadda aka tashi garinsu, ta tsinci kanta a zauren aro da ɗalibai rabi. Daga littafi ta ɗauko mata malfa da tsarin jaji, ta ɗauko mata ƙarfin halin Gambo Sawaba na ranar da za ta tsaya gaban mai rabon kayan agaji ta ce an tauye wa zawarawa kasonsu. Ta bar mata rauninta: tana da saurin fushi, kuma ta kasa yafe wa maƙwabcin da ya gudu ya bar su. Wannan tauraruwa ba hoton kowa ba ce, don haka ba ta ci mutuncin kowa ba, amma kowane gashi na jikinta yana da majiya.

Akwai wani dalilin da ya sa zaure ya cancanci gaba. Takardun Kaduna da Sakkwato suna nan, ana iya komawa gare su baɗi. Baba ta Karo kuwa ta rasu a 1951, jim kaɗan bayan an gama rubuta maganarta. Da an yi jinkiri kaɗan da babu littafin. Dattawan da suka ga zamanin En'e, suka ga gina Zobe, suka ga ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, suna raguwa kowace shekara. Idan manyan makarantun Dutsin-Ma biyu suka riƙa adana hirarrakin da ɗalibai ke yi, da izinin masu su, a ɗaki guda da tsari guda, jingar aji za ta zama ma'ajiyar tarihin talakan yankin, kuma ɗalibin da zai zo nan da shekara talatin zai tarar da ungozoma da masunci a laburare, kusa da sarakuna.